Ranar da na toshe wa Corolla hanci

Kun dai san tsohuwar Corollar nan tawa 'yar 1989. Ran Juma'a na buɗe bonet na ga wani ɗan bawul a saman murfin inji, tiyonsa ya tsage yana nason baƙin mai. Bakanike ya ce a sauya, na ce a'a, motocin da can ai ba su da shi. Kuma ban yi ƙarya ba, sai a 1961 jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara wajabta shi, kafin nan wani bututu ne kawai yake leƙo ƙasa yana zubar da hayaƙin a titi. Abin da ilimin nawa bai kai ba shi ne su ƙofa suka bar wa hayaƙin. Ni kuwa na zare bawul, na cusa katako a ramin, ɗaya tiyon ma na ɗaure shi da leda, wai don aiki ya yi kyau.

Asabar muka kama hanyar Zariya ɗaurin auren ƙanwar maiɗakina. Farar shadda, sabon ɗinki, kari ko lanƙwasa bai yi ba.

Ina yin fakin a ƙofar gidan surukai sai ga hayaƙi ta gefen bonet. Maimakon in kashe mota in sulale cikin jama'a, sai na ce wa ƙanina ya ɗan taka totur in ji. Na naɗe hannun riga, na duƙa kamar wanda ya san abin da yake nema. Gejin baƙin mai ya riga ya ɗago da kansa. Taɓa shin da zan yi, sai fuuu! Daga wuya har aljihu. Hula ma ta samu rabonta. Baban maiɗakina yana tsaye ya miƙo hannu mu gaisa, ya dubi hannuna, ya dubi nasa, ya mayar da shi cikin babbar riga a hankali, ya ce, "Sannu da hanya." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Duk wannan mai wucewa ne. Wanda ya tsaya mini a rai mai raken nan ne na bakin masallaci. Wai ya taɓa yin karen mota. Ya bar baronsa ya zo yana yi wa surukaina darasi da wuƙa a hannu: kowane inji sai hayaƙi ya sulale ta gefen ringi, wato zoben fistin, ya sauka inda mai yake, tsohon inji ma ya fi, bawul ɗin ne ke mayar da shi a ƙone. "Shi Alhaji toshewa ya yi, to ta ina zai fita?" Ya karɓi bawul ɗin daga hannuna, ya girgiza a kunnen kawun amarya, ya yi ƙacau-ƙacau. "Lafiyarsa ƙalau, tiyo ne kawai." Wa ya tambaye ka? Raken nasa ma lami ne, na saya daga baya don ya yi shiru, bai yi ba.

Da aron jallabiyar ƙanin amarya aka shafa fatiha, iyakarta gwiwata. Mai wanki ya ce in dawo Laraba, amma bai yi alkawari ba.