Gurgu ma masunci ne, ku gyara muna mashigar ruwa

Wallahi abin nan ya kai ni wuya kuma yau sai na faɗa, wanda zai ji haushi ya ji. Duk sanda anka tashi maganar masu buƙata ta musamman a Sakkwato salon guda ne, a tara bayin Allah cikin rana tun hantsi, a jira manya su iso bayan azahar, a miƙa mudun shinkafa da 'yan kekuna, a ɗauki hoto a watsa Facebook, shi ke nan an taimaki nakasassu. Ba mai tsayawa ya tambayi mutum wai kai wace sana'a ka iya, kuma mi ke hana ka yin ta.

Mu Sarkawa ne, kamun kifi munka gada bakin gulbin Rima. Yayana shan inna ta kama shi tun shina ƙarami, ƙafafu biyun duka sunka tafi, amma ku zo ku gani in ya shiga kwalekwale. Ƙirji da damtsen da Allah ya ba shi, samari masu ƙafa biyu ba su kamo shi wurin tuƙi, ya san inda tarwaɗa ke kwana, ya san lokacin da ƙarfasa ke tasowa, in ya ɗana mamari da yamma da wuya a wayi gari ƙugiyoyin su fito wayam. Gyaran koma kuwa, wato ragar kamun kifi, har daga wasu ƙauyuka ake kawo mishi. Cikin ruwa ba shi da wata nakasa. Bala'in duk shina tsakanin inda hanya ta ƙare da inda ruwa ya fara.

Keken guragu mai taya uku da ake tuƙawa da hannu ba a yi shi don rairayi ba, da ka sauka daga burji taya ta nutse. To nan zai bar keken, ya sa silifa a tafin hannu, ya rataya koma a wuya, ya ja jiki har gangare. Wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu da Mayu, sanda zafi ke wuce digiri 40, ya san abin da rairayin nan ke yi ma tafin ƙafa mai takalmi ma, balle gwiwar mutum. Damina ta zo kuma sai laka da santsi, gangaren ya zabtare, sai an samu yara biyu sun tallabe shi, kuma yaran yanzu ba sa ɗaukar kowa don Allah kawai, sai ka cire musu daga kifin da ba ka ma kama ba tukuna. Wata rana shina hawowa da kwandon kifinshi, gumi sharkaf, wani mai babur ya tsaya ya jefa mishi naira hamsin cikin kwandon, bisa kifin, ya ce Allah shi ba da lafiya. Mutumin da niyya mai kyau ya yi, na sani, amma ranar Yaya bai ci tuwon dare ba.

Abin da ya tunzura ni na rubuta wanga shi ne zancen rabon kayan kamun kifi. An ce za a ba masunta koma da rigunan ruwa, na tura Yaya a keke har wani ofishi, ba sai na faɗi suna ba. Mai rubuta sunaye ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Malam ai naku layin daban ne, ku jira na nakasassu." Yaya ya ce, "Ranka shi daɗe ni masunci ne, tambayi Sarkin Ruwan garinmu." Ya ce shi dai fom ɗin da anka ba shi na masunta ne. To da na nakasassun ya zo mi anka kawo? Keken ɗinki da injin markaɗe. Mutumin da ya kwashe rayuwarshi bisa ruwa ka ce ya koma tela rana tsaka! Can an ce shi gurgu ne ba masunci ba, nan an ce shi gurgu ne ga keken ɗinki, ƙarshe ya dawo gida ba koma ba rigar ruwa. Kuma in da hankali wa ya fi buƙatar rigar ruwa, mai iya harba ƙafa in jirgi ya kife ko wanda hannu kaɗai gare shi? Kifewar jirgi ba labari ba ne gare mu a jihar nan, wanda anka yi a Shagari a 2022 kaɗai ya ci mutum 29, yawancinsu yara.

Kuma fa akwai doka. Buhari ya sa hannu ga dokar hana nuna wariya ga masu nakasa a watan Janairun 2019, ta ba da shekara biyar a gyara gine-gine da wuraren jama'a yadda mai keke zai iya shiga, wa'adin ya cika tun farkon 2024. Har tara ke ciki, naira miliyan 1 ga kamfani, mutum ɗaya kuma dubu 100 ko wata shida gidan yari, an kuma kafa hukuma sukutum a Abuja a 2020. To mashigar ruwa inda ɗaruruwan mutane ke hawa jirgi ranar kasuwa ba wurin jama'a ba ne? Ko dokar ta bankuna da otal ce kawai? Mu a ƙauye sunanta kaɗai muke ji a rediyo ranar 3 ga Disamba in ana bikin ranar nakasassu ta duniya.

Muna ta bugun gaba da bikin Argungu, ai namu ne tun kafin a cire Kebbi a 1991, an fara shi 1934, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, madalla. Amma wancan kamun kifi ne na kwana kaɗan da 'yan kallo. Kamun kifin da ake ci da iyali kullum shina Kware da Wurno da Goronyo da Wamakko, inda ko tubali guda ba a aza ba don mai rauni ya sauka.

Ba guragu kaɗai ba. Akwai kurame masunta, in za a saki ruwan madatsar Goronyo sanarwa a rediyo take ko mai shela da lasifika, kurma shina tsakar gulbi ina zai ji? Wanda ya ga ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'ar Ɗanfodiyo ya san ruwan Rima ba ya jiran kowa. Jan tuta a bakin mashiga nawa take? 

Ba kuɗi muke roƙo ba kuma ba shinkafa ba. A zuba siminti daga bakin hanya zuwa ruwa, mai kwanciya ba mai tsaye ba, faɗin da keke zai wuce, a kafa ƙarfen dafawa gefe, tsofaffi da mata masu ciki da masu dakon buhun albasa ma duk za su huta. In an zo rubuta masunta a bi ta hannun Sarakunan Ruwa, su sunka san wa ke su wa ba ya yi, a daina auna sana'ar mutum da ƙafarshi. Ciyamomi da kansiloli da ke zuwa da mota har ƙofar Sarkin Guragu lokacin zaɓe, a ɗauki guragu a kai rumfar ƙuri'a cak, kun nuna kun san hanyar gidajensu. Ku zo kafin ruwan sama ya sauka, don in gangaren ya jiƙa ko motar yashi ba ta iya isa wurin.