Chittorgarh, da labarin da ɗan rakiya ba ya ƙarasawa

Jama'a, ku da ke zuwa Indiya neman magani ko karatu, in Allah ya ba da lafiya da ɗan sarari, kada ku tsaya a Taj Mahal kaɗai. Ku leƙa jihar Rajasthan ku hau Chittorgarh, tsohon babban birnin masarautar Mewar ta mayaƙan Rajput, mabiya addinin Hindu. Daga Udaipur tafiyar kamar awa biyu ce a mota.

Gari ne sukutum a kan dutse mai tsayin kusan mita 180, samansa a shimfiɗe, faɗinsa wajen hekta 280. Kafin ka kai sama sai ka ratsa ƙofofi bakwai a hanya mai murɗe-murɗe. A 2013 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da wasu biranen tsaro biyar na Rajasthan. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ruwa ne. A gefen dutsen akwai tafkin Gaumukh, ruwa na tsattsafowa ta wani dutse da aka sassaƙa kamar bakin saniya, yana taruwa kore shar, kifaye na yawo a ciki, birai na zaune a kan matakala suna jiran wanda zai yi sake da ledarsa. Irin waɗannan tafkuna ne suka sa mutanen garin ke iya jure kewayewar abokan gaba wata da watanni.

To, ga inda nake da magana. Ɗan rakiya zai lissafa maka yaƙi uku: Alauddin Khalji sarkin Delhi a 1303, Bahadur Shah na Gujarat a 1535, sai Akbar sarkin daular Mughal a 1568. Zai nuna maka filin da ake cewa matan gari suka faɗa wuta don kada a kama su bayi, abin da suke kira jauhar. Duka maharan Musulmi ne, kuma yadda ake jera labarin sai ka ji kamar kai ake nuna wa yatsa. Wasu namu sukan ɓata rai su ce sharri ne. Ba sharri ba ne. Bayan Akbar ya ci garin an kashe dubban mutanen da ba sojoji ba, marubutan fadarsa da kansu suka rubuta haka. Musunta wannan ba kishin addini ba ne.

Amma ɗan rakiyar ma rabi yake faɗa. Labarin sarauniya Padmini, wadda aka ce Alauddin ya hango kyawunta a madubi ya tada yaƙi saboda ita, wani sha'iri Musulmi ne, Malik Muhammad Jayasi, ya rubuta shi a 1540, shekara fiye da 200 bayan yaƙin. Amir Khusrau da ya raka Alauddin wurin yaƙin bai ambace ta ba ko sau ɗaya. Hasumiyar nasara mai hawa tara da Rana Kumbha, sarkin Mewar, ya gina bayan ya doke sarkin Malwa cike take da gumakan Hindu, amma a jikinta an sassaƙa sunan Allah da haruffan Larabci. Kai, Akbar ɗin da kansa ya sa aka yi mutum-mutumin Jaimal da Patta, jarumai biyun da suka yaƙe shi wajen kare garin har suka mutu, aka kafa a ƙofar fadarsa ta Agra.

Sarauta ake yi wa faɗa, da haraji da hanyar fatauci, kamar dai yadda Kano da Katsina suka daɗe suna gwabzawa alhali alƙiblarsu ɗaya. Wanda ke shakka ya duba yaƙin Haldighati na 1576. Maharana Pratap, ɗan sarkin da aka ƙwace wa Chittorgarh, ya fito da wani Musulmi, Hakim Khan Sur, a sahun gaban rundunarsa. Wanda ya jagoranci sojojin Akbar a ranar kuwa Man Singh ne na gidan sarautar Amber, Rajput ɗan Rajput.