Lambar 18 a jikin kwali ba ta renon yaro

Shekarata bakwai ke nan a Ingila. Lokacin da nake sabon zuwa, na lura da wata 'yar lamba da ake bugawa a ƙasan kwalin kowane wasan bidiyo: 3, 7, 12, 16 ko 18. Tsarin PEGI ke nan, mai nuna shekarun da ya kamata yaro ya kai kafin ya buga wasa, wanda ƙasashen Turai suka fara aiki da shi a 2003. Tun 2012 kuma doka ta hana mai shago a nan sayar wa yaro wasan da ya fi ƙarfin shekarunsa, daga mai lamba 12 zuwa sama. Abin ya burge ni, na ce lallai mutanen nan sun gama magana.

Ashe da sauran rina a kaba. Ɗana yana ɗan shekara goma ya dawo daga makaranta yana ba ni labarin GTA V, yadda ake ƙwace mota a bi ta kan mutane, ana harbin 'yan sanda. Wasan mai lamba 18 ne. A gidan abokinsa ya gani, kuma uban yaron ne ya saya da kuɗinsa. Doka ta ɗaure hannun mai shago, amma ba ruwanta da uban da ya biya ya miƙa wa ɗansa.

Da na je gida hutu, sai na tarar da 'ya'yan 'yan'uwa sun haɗa kai a kan waya, wannan Free Fire, wancan PUBG. Ba kwali balle lamba, data kawai ake nema. Na yi wa wata yayata magana, ta ce, "Kai dai bari, ai gara yana gabana da a ce ya fita yawon banza." Na yi shiru, domin maganar da iyayen Turawa ke faɗa mini ke nan a ƙofar makaranta. A can babu dokar, a nan akwai ta, amma ko'ina iyaye sun samu abin da zai kama musu yaro ya yi shiru, kuma da wuya ka samu wanda ya taɓa leƙa abin da ke ciki.

Ba na cikin masu cewa wasa ne ke mai da yaro ɗan ta'adda. Amurka ta daɗe tana wannan jayayya. A 1993 majalisar dattawanta ta yi zama saboda jinin da ke malala a Mortal Kombat, abin da ya haifar da ESRB, hukumar da ke sa wa wasanni iyakar shekaru a can, a 1994. A 2011 kotun ƙolinsu ta soke dokar jihar Kalifoniya da ta hana sayar wa yara irin waɗannan wasanni, ta ce binciken da aka kawo mata bai tabbatar da cewa wasan ne ke sa yaro aikata ta'asa ba. Ga Japan da Koriya ta Kudu, inda wasa ya zama ruwan dare, kisan kai kuwa ƙalilan ne.

Sai dai ni ba kisan kai nake tsoro a ɗakina ba. Abin da na gani da idona shi ne yadda fuskar yaro ke canzawa in ka ce ya ajiye, da idon da ya yi ja saboda rashin barci, da wani zagi da ya suɓuce daga bakinsa wanda ba a gidana ya ji shi ba. Da na bi diddigi, ashe ta abin kunnen nan da ake sawa lokacin wasa yake shigowa. Yaro na zaune kusa da kai, amma hira yake da wani ƙato a wata ƙasa, wanda aka harbe shi a wasa yake ta ɗura ashar. Wannan ba ya cikin lissafin lambar da ke kan kwali. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, da ta sa jarabar wasa cikin jerin cututtuka a 2019, ba jinin ta duba ba, kasa dainawa ta duba.

Sin ta ɗauki hanya mai tsauri a 2021: awa uku a mako ga yara a wasannin intanet, Juma'a, Asabar da Lahadi, takwas zuwa tara na dare. Yara da dama suka koma shiga da sunan iyaye ko kakanni. Ka ga an sake dawowa kan wanda ke cikin gida.

Ni dai na fito da na'urar wasan daga ɗakin ɗana zuwa falo, na ce ba sauran sa abin kunne, duk mai magana mu ji shi tare. An yi fushi na kwana biyu. Ranar Asabar na zauna na ce ya koya mini Fortnite. Ban yi minti biyu da sauka ba aka kashe ni. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya karɓi abin ya ce, "Baba, ba haka ake riƙewa ba."