Tagogi 43 a allon da babu shi

Tsohuwar kwamfutata ba ta son wahala. Ƙwaƙwalwarta gigabait 2 ce kacal, shi ya sa na ɗora mata 'yar ƙaramar manhajar duba fayiloli marar nauyi, dangin su Thunar da PCManFM. Tana aikinta lafiya lau. Ni ne dai zaman lafiya ya gundure ni.

Abin da ya shiga kaina shi ne tsarin tsohon Finder, manhajar duba fayiloli ta kwamfutocin Macintosh, tun na 1984: kowace folda da tagarta, inda ka bar ta jiya nan za ka tarar da ita yau, da girmanta da komai, har hannu ya haddace wurin kafin ido ya karanta suna. Mutanen GNOME, masu haɗa manhajojin Linux, sun sa tasu manhajar duba fayiloli, Nautilus, a kan wannan tsari a 2004, aka yi ta ƙorafin yawan tagogi, a 2010 suka dawo da taga ɗaya. Na san labarin sarai. Na ce nawa daban ne.

Dare uku ina ƙwaƙular manhajar. Dabarar ba wuya: duk tagar da aka rufe, a adana lambobi huɗu, nisanta daga hagu, nisanta daga sama, faɗi da tsayi. Ta kuwa yi aiki! Na jona babban allo na biyu, na jera foldodina a kansa, ina rufewa ina buɗewa, ina yi wa kaina kirari.

Washegari na zare allon na fita da kwamfutar. Na danna foldar aiki, shiru. Na sake dannawa, shiru. Na danna da ƙarfi, wai ko linzamin ne bai ji ba. Sandar da ke nuna tagogin da ke buɗe kuwa tuni na cire ta, don rage wa ƙwaƙwalwa kaya. Zufa ta karyo mini. Na shiga lissafin aikin shekaru da ban taɓa kwafewa ko'ina ba, yatsana kuma bai daina dannawa ba, fankar kwamfutar tana ta gurnani kamar za ta tashi sama.

Da na koma na jona allon, sai ga su reras, tagogi 43 na folda ɗaya, wata kan wata. Ashe manhajar umarnina ta bi tiryan-tiryan: na ce a buɗe a ɗigo na 2400 daga hagu, alhali faɗin ƙaramin allon gaba ɗaya ɗigo 1366 ne. Sharaɗin farko na tsarin ma, cewa in tagar folda a buɗe take a ɗago ta kawai, shaf na manta ban rubuta ba.

Haka na zauna ina rufe su ɗaya bayan ɗaya, kowacce kuma kafin ta tafi sai ta sake adana 2400 ɗin nan, kada in manta.