Tsutsar Ƙarya a Kogin Avon da Ilimin Masuntanmu

A bakin kogin Avon da ke Wiltshire a Ingila na ga wani dattijo ya kamo kifin tirawut mai kusan kilo guda, ya jiƙa hannunsa, ya zare ƙugiya, ya sake shi. Da ya ji daga inda na fito sai ya ce ai a Afirka kifi ba ya samun ranar hutu. Maganar ta sosa mini rai.

Kogin nasu garai-garai yake, kana hango tsakuwar ƙasa da ciyawa tana kaɗawa. Sai da lasisi ake jefa fatsa, lokacin hunturu kuma a rufe kamun tirawut. Kotonsu ba tana ba ce, tsutsar ƙarya suke ɗaurawa, domin yawancin abincin tirawut ƙananan ƙwari ne da ke ƙasan ruwa tun ba su yi fiffike ba.

Wadda ta fi shahara Frank Sawyer ne ya ƙirƙiro ta, wanda a zamaninsa shi ne mai kula da wannan kogi a ƙauyen Netheravon. Kayanta uku ne: ƙugiya lamba 14 zuwa 18, siririyar wayar jan ƙarfe, da zare huɗu na gashin wutsiyar namijin fezan, tsuntsu mai kamar fakara da doguwar jela. Za ka naɗa wayar tun daga idon ƙugiya zuwa lanƙwasarta, ka tara ɗan tudu a bayan idon, shi ne ƙirji kuma shi ne nauyi. Ka kama gashin da wayar a wurin lanƙwasa, ka bar tsininsa gajere ya zama wutsiya. Ka murɗa gashin da wayar tare, ka naɗo gaba, ka ninke ragowar a kan ƙirjin gaba da baya, ka ƙulle da wayar. Ba ya sa mata ƙafafu, saboda tsutsar gaske tana maƙe su in tana iyo. In ruwa na gudu da zurfi, yau ana zura ɗan ƙwallon ƙarfen tangistin na milimita 2.5 zuwa 3.5 kafin a fara, ya fi dalma nauyi nesa.

Wurin jefawa ake gane gwani. Sama da kifin ake jefa ta, mita biyu ko uku, don ta nutse kafin ta iso shi. Idan zaren ƙarshe da ake ɗaura tsutsar a kai ya yi kauri, ya wuce milimita 0.16, ruwa zai ja shi, tsutsar ta taso ta riƙa gudun da ƙwaro ba ya yi, kifin ya kau da kai. Nauyi ya yi yawa, ta maƙale a ciyawa. Ya yi kaɗan, ta wuce ta samansa. Tana zuwa daidai bakinsa sai ka ɗan ɗaga sanda ta yi kamar za ta tsere. Da ka ga farin bakinsa ya buɗe ya rufe, ka ɗaga nan take, don yana jin ƙarfe zai tofar.

Gwaninta ce, ban musa ba. Amma sanin abin da kifi ke ci da zurfin da yake kwana, wane Basarke ne bai san shi ba? Mai kafa mamari ya san inda tarwaɗa ke bi cikin ruwan da ko tafin hannunka ba ka gani. Masuntan Avon kuwa suna kallon kifinsu ƙuru-ƙuru. Kuma mai sakin kifi ya bar abinci a firji, namu yara na jiransa a gida.

Batun hutu kuwa, kamun kifi a kogin Matan Fada da ke Argungu a hane yake har sai ranar bikin kamun kifi, da izinin Sarkin Ruwa. Mun san hutun ruwa tun kafin a buga lasisi. Abin da ke ci mini rai shi ne yau a wurare da yawa maganar sarkin ruwa ba ta da nauyi, ana tace 'ya'yan kifi da gidan sauro, wasu har guba suke zubawa. Wannan ne ya hana ni mayar wa dattijon da martani yadda na so.