Ga wani da ya wayi gari masanin yaƙin Biyetnam

Akwai wani bawan Allah a dandalin nan, ba zan kama suna ba, wanda duk abin da ya faru a duniya sai ya yi mana fashin baƙinsa kafin a yi sallar isha'i. Shekaranjiya Yukren, jiya farashin man fetur, yau kuma Biyetnam. Ya ɗora hoton marigayi Sanata John McCain na Amurka, ya rubuta da manyan baƙaƙe wai ga mutumin da ya binne 'yan'uwansa sojoji da ransu. Mabiya sai zuba masa "Allah ya ƙara basira" suke yi. Amin, mu ma addu'ar da muke masa ke nan.

Da mutumin namu ya ɗan jinkirta kafin ya danna, da ya san wanda yake magana a kansa. A ranar 26 ga Oktoban 1967 aka harbo jirgin McCain a sararin Hanoi, ya faɗa tafkin Truc Bach da karaya a hannu biyu da ƙafa ɗaya, aka kama shi fursunan yaƙi. A 1968 aka naɗa mahaifinsa kwamandan rundunar Amurka ta yankin Fasifik, masu tsare da McCain suka yi masa tayin saki don su ci ribar farfaganda, ya ce ba zai tsallake waɗanda aka kama kafinsa ba. Ya sha duka a kan haka har ya sa hannu a takardar amsa laifi, abin da shi da kansa bai taɓa ɓoyewa ba. Sai a Maris ɗin 1973 ya fito, cikin fursunoni 591 da aka mayar gida bayan yarjejeniyar sulhu ta Faris. Har ya mutu ba ya iya ɗaga hannuwansa sama da kafaɗa. Wani kuwa caji ne kawai ke ƙare masa a waya ya ce an shiga uku.

To amma ni ba wankin McCain na zo yi ba, kuma a nan ne abin ya fi ba ni haushi. Akwai abin faɗa a kansa, na gaske, sai dai mai neman tafi ba shi da haƙurin tono shi. Daga 1991 zuwa 1993 majalisar dattawan Amurka ta kafa kwamiti kan fursunonin yaƙi da sojojin da suka ɓace, John Kerry na shugabanta, Bob Smith na mataimaki, McCain na cikin mambobi. A zaman 1992 ya yi wa wata mata da ɗan'uwanta matuƙin jirgi ya ɓace magana mai zafi har ta fashe da kuka a gaban jama'a. A 1996 ya sa hannu wajen sassauta dokar da ta shafi sojojin da suka ɓace, iyalai da dama suka ce ya zare mata haƙora. Ɗan jarida Sydney Schanberg ya yi dogon rubutu a 2008 yana zarginsa da rufa-rufa kan fursunonin da ake cewa an bari a Biyetnam. Ina kyautata zaton rabin shafin farko na wannan rubutun aka fassara wa gwanin namu, daga nan ya ga ya ƙoshi.

Abin da bai kai ga karantawa ba shi ne rahoton kwamitin na Janairun 1993. Rahoton bai kore yiwuwar an bar wasu a baya a 1973 ba, amma ya ce babu gamsasshiyar hujja cewa akwai Ba'amurke da ke raye a tsare a yankin. Bob Smith ɗin da ya fi kowa yarda akwai masu rai, da shi aka sa hannu. Kuma a wancan lokacin ciniki ake yi da hawayen iyalai. A 1991 aka baza hoton wasu mutum uku wai matuƙa jirgin da suka ɓace ne, iyalai suka rungumi hoton suna cewa nasu ne, daga baya aka gano tsohon hoton manoman Tarayyar Sobiyet ne na 1923 aka yi wa kwaskwarima. Masu irin wannan sana'ar McCain ya fi tsana, fushinsa kuma ya shafi har waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Laifi ne, amma tsakaninsa da binne mutum da rai akwai tafiya.

McCain da Kerry suka ba Shugaba Bill Clinton ƙwarin gwiwar ɗage wa Biyetnam takunkumin ciniki a 1994 da ƙulla hulɗar jakadanci a Yulin 1995. Jakadan farko da aka tura Hanoi, Pete Peterson, shi ma tsohon fursuna ne. Har gobe ma'aikatan ƙasashen biyu na tona ƙasa a dazuka da gonakin shinkafa suna tace ta a rariya, ko a dace da haƙori ko guntun ƙashi a kai wa dangi. Amurkawa fiye da 1,500 ne har yanzu ba a san makwancinsu ba.

Sannan ga abin mamaki. Mai kiran kansa abokin raunanan ƙasashe bai ce uffan ba kan 'yan Biyetnam da suka ɓace a yaƙin nan, waɗanda yawansu ya kai dubu ɗaruruwa. Su iyayensu mata ba su iya kuka ba ne, ko kuwa labarinsu ne ba ya kawo mabiya?

Na san yanzu za a fara aiko min 'yan kore da "wa kake nufi". Jifa na yi a kasuwa. Sai dai ina tuna wa mai abin cewa a watan Agustan 2018, da McCain ya mutu, akwai wanda ya yi masa dogon ta'aziyya a nan, yana kiransa gwarzon da ya taka wa Trump burki. Na duba ɗazu, rubutun na nan ba a goge ba tukuna. A hanzarta.