Boka ya koma cikin waya, mu kuma muna biyan kuɗin data

Shekaranjiya a gidan makoki, ranar sadakar uku, na shiga ɗaki ɗauko tabarma sai na tarar da 'yan mata uku sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Wata Baturiya ce a TikTok tana juya karta, irin wadda suke kira tarot. Ta fito da wata mai hoton ƙwarangwal a kan farin doki. Ɗayarsu ta ga fuskata ta canza, sai ta ce, "Anti, ba mutuwa take nufi ba fa, wai wani abu ne zai ƙare, sabo ya fara." A gidan da ko ƙasar kabarin mamaci ba ta bushe ba!

Ƙannena, don ina ƙaunarku nake faɗa: wannan duba ne. Da bugun ƙasa, da watsa wuri, da juya karta, duk kanwar ja ce. Don mai yin ta shafa jan baki tana Turanci a hankali bai sa ta daina zama boka ba.

Ko tarihin kartar kun bincika? A arewacin Italiya aka fara ta wajen shekarun 1440, wasa ce ta gidajen sarauta, kamar yadda samari ke buga karta a bakin titi. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Court de Gébelin, ya tashi ya ce wai sirrin tsoffin Misirawa ne a ciki, ba tare da hujja ba. Guda 78 ne, ta mutuwa ita ce lamba 13. Hoton dokin nan da ya razana ni kuwa wata mai zane ce, Pamela Colman Smith, ta zana shi, aka buga a Landan a 1909. Takarda da tawada ke nan kuke tambaya ko saurayinku zai aure ku.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wannan fassarar ta "canji". Wane ɗan kasuwa ne zai kori mai saye? In ta ce miki za ki mutu, gobe ba za ki dawo ba. Sai ta ce sabuwar rayuwa na tafe. Kika rabu da saurayi, karta ta faɗa. Kika sauya makaranta, ta faɗa. Ko wayarki ta faɗi a ruwa, ta faɗa. Wa ya taɓa yin wata guda wani abu bai ƙare masa ba? Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ku kun ƙi leƙawa.

Allah Ya ce a ƙarshen Suratu Luƙman babu ran da ya san ƙasar da zai mutu. Hadisi kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in. Kar ki ce min "ai kallo kawai nake". Da kallo ake farawa.



Da muna yara, in aka yi rasuwa a unguwa ko rediyo ba a kunnawa. Mai zuwa wajen boka da daddare take fita, ta lulluɓe fuska, don ta san abin kunya ne. Kakata in ta ji an ambaci mutuwa sai ta ajiye abin da ke hannunta ta yi salati. Yau jikokinta ne ke zaune a ɗakin makoki suna jiran karta ta gaba.